Abin da ke salwanta idan an datse ko an matse bidiyo

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu na jihar Zamfara, wayar salula ta zama kyamarar jama'a, inda ake ɗaukar bikin aure da wa'azi, da kuma ɓarnar da 'yan bindiga ke bari bayan sun kai hari.

Sai dai sau da yawa bidiyon da ke yawo a WhatsApp yakan dusashe, har fuska ko lambar mota ba ta ganuwa. Dalilin yana cikin matakai biyu da ake bi wajen adana bidiyo bayan an tace shi: datsewa da matsewa.

Datsewa ita ce yanke gefen hoto. Bidiyon da aka ɗauka a kwance mai girman 1080p yana da ɗigon hoto 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye. Idan aka mai da shi na tsaye domin TikTok, kusan ɗigo 608 ne ke saura a faɗin, wato kashi biyu cikin uku sun tafi.

A nan ne allon sunan gari, ko hasumiyar masallaci, ko dutsen da zai tabbatar da inda abin ya faru, kan ɓace. Amma kuma datsewar na iya ceton rai, idan aka cire fuskar wanda ya ba da shaida.

Ita kuwa matsewa rage nauyi ce. Minti ɗaya na bidiyon 1080p da ba a matse ba ya kai kimanin gigabait 11. Tsarin H.264, wanda aka amince da shi a 2003, yana zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba, ya kuma adana abin da ya sauya kawai tsakanin hoto da na bayansa.

YouTube na ba da shawarar megabit 8 a kowace daƙiƙa ga irin wannan bidiyo, wato kimanin megabait 60 a minti ɗaya. Idan aka yi ƙasa sosai da haka, wuraren duhu da masu motsi ne ke fara dagulewa.

Nauyi ba ƙaramin lamari ba ne a jihar da aka katse layukan sadarwa a watan Satumban 2021, kuma sayen data ke cin aljihu. To amma abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake tacewa aka adana, asarar na ƙaruwa.

Ƙa'idar Berkeley, wadda ofishin kare haƙƙin bil'adama na Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Kalifoniya suka fitar a 2020, ta jaddada muhimmancin adana bayanai yadda aka same su, domin su yi amfani a bincike.

Saboda haka ya kamata a ajiye bidiyon asali a katin memori ko kwamfuta, a tace kwafinsa, a matse sau ɗaya a ƙarshe. Idan ana son ya isa ga ɗan jarida ko lauya da ingancinsa, a tura shi ta WhatsApp a matsayin fayil, domin manhajar ba ta sake matse shi ta wannan hanya.