Watsewar makaɗan titi ba cin amana ba ce

Na gaji da jin wata magana guda daga masu kallon makaɗan titin birnin New Orleans na Amurka. Da zarar mutum ya ga mai busa ƙahon da ya saba gani da wata ƙungiya ya bayyana a wata, sai ya yanke hukunci: an yi faɗa, wani ya cinye kuɗi, ko hassada ta shiga. Haba jama'a! Wa ya ba ku wannan labari?

Kiɗan da ake magana a kai shi ne tsohon jaz da suwin na shekarun 1920 da 1930, da ƙaho da kilarinet da tuba da banjo, wani lokaci har da allon wanki.

Ƙungiyar titi ba ta da ubangida da yara irin yadda muka san makaɗi da 'yan amshinsa. Mutane ne suka haɗu a bakin titin Royal, suka ajiye bokiti a gabansu, in an tashi a raba abin da aka samu. Bayan guguwar Katrina ta 2005, matasan makaɗa da dama sun taru a ƙungiyar Loose Marbles, wadda Ben Polcer da Michael Magro suka kafa, kuma masu kiɗa a cikinta kullum canzawa suke. Daga cikinta Tuba Skinny ta fito a 2009, da Shaye Cohn a ƙaho, Erika Lewis a waƙa. Meschiya Lake ma ta yi waƙa da Loose Marbles kafin ta kafa tata ƙungiyar. To, ina asarar a nan? Ƙungiya ɗaya ta haifi wasu, mai sauraro ne ya ci riba.

Lissafi ma ya isa hujja. Bokitin da zai ciyar da mutum shida ba zai ciyar da goma sha biyu ba, dole a kasu. Idan zafin bazara ya kori masu yawon buɗe ido, wasu su tafi Turai neman kasuwa, waɗanda suka rage su haɗa wata ƙungiyar. Kuma duk waƙoƙi ɗaya suka haddace, irin na Jelly Roll Morton da King Oliver da Bessie Smith, shi ya sa baƙo zai iya zama yau ya bi kiɗa ba tare da gwaji ba.

Faɗa kan kuɗi yana faruwa, ba na musu. Shi ya watsa ƙungiyar King Oliver a Chicago bayan faya-fayenta na 1923. Amma ko a nan, 'yan ƙungiyar, Louis Armstrong da Johnny Dodds da Lil Hardin, sun sake haɗuwa a ƙungiyar Hot Five a 1925. Aure da rashin lafiya da gajiya ma suna raba mutane.

Saboda haka, mai sauraro, ka bar yaɗa abin da ba ka gani ba. In Allah ya kai ka wurin, kada ka tare makaɗi da tambayar me ya raba shi da wane. Wataƙila wanen ne zai riƙe masa tuba da daddare. Kada ka ɗauki bidiyo na minti goma ka wuce ba ka jefa ko dala ɗaya a bokiti ba, wannan rashin ta-ido ne. Ka sayi faifansu daga hannunsu. Ka riƙe sunan makaɗi, don sunan ƙungiya na iya ɓacewa shi kuwa yana nan.

Ku kuma matasa masu son haɗa irin wannan ƙungiya, ku yi magana tun kafin a fara kiɗa: kashi nawa za a yi, wa ke riƙe da bokiti, wa ke da sunan ƙungiya in an rabu, kuɗin faifai na wa ne. A ƙirga kuɗi a gaban kowa. Wanda ya zo ya cike gurbi na yini ɗaya, a ba shi kasonsa cikakke kafin ya tafi.