Kafin a ɗora Linux kan tsofaffin kwamfutocin Tahoua: Wace manhaja ce ke da izinin shiga cikin gida?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana buƙatar wasu kayan ciki da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Wannan labari ya shafi Tahoua kai tsaye, domin a nan, kamar sauran biranen Nijar, kwamfutar da ta sha aiki a Turai ko a wani ofis ita ce wadda aljihun ɗalibi da mai shagon buga takardu ke iya kaiwa gare ta.

Mafitar da masana ke yawan nunawa ita ce Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, wadda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta. Tana tafiya a kan tsohuwar na'ura ba tare da nauyi ba, kuma yawancin ƙwayoyin cutar da ke yawo a filash, wanda a Nijar ake ce wa kile, don Windows aka ƙera su. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a miƙa wa mai gyara na'ura: idan aka ɗora wata ƙaramar manhaja a kai, me da me take iya gani?

Abin da ke kwance a kwamfutar shago

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu ya san abin da ke taruwa a kwamfuta ɗaya. Hoton katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar neman aiki, kundin kammala karatu na ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani, wadda aka sa wa sunan masanin tarihin nan da ya yi rubutu kan Adar kafin zuwan Turawa.

Adar kuma ƙasar ci-rani ce. Daga Kalfu, Bambeye, Barmu, Affala da Takanamat, samari sun daɗe suna tafiya Abijan, Najeriya, Libiya da Aljeriya. Takardun tafiya da rasit ɗin kuɗin da aka aiko gida sukan biyo ta irin waɗannan shaguna a cikin birni. Mai takarda ya karɓi abinsa ya tafi, kwafin kuma ya zauna a na'ura.

A tsarin kwamfutar tebur na asali, ko Windows ce ko Linux, manhajar da ka buɗe tana aiki ne da ikonka. Duk fayil ɗin da kai za ka iya buɗewa, ita ma za ta iya karanta shi, ta kwafe shi, ta goge shi ko ta tura shi ta intanet. Manhajar sauraron waƙa tana iya leƙa jakar da katunan mutane suke, babu mai tambayarta. Kalmar sirri ta mai kula da na'ura tana kare zuciyar tsarin ne kawai. Takardunka suna waje.

An ga misalin haka a watan Maris na 2024, lokacin da wani mai amfani da KDE, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ya sauke wani adon fuskar kwamfuta daga shagon KDE. Kuskure a rubutun adon ya share masa fayilolinsa. Abin da aka sauke don kwalliya ya samu ikon da bai kamata ya samu ba.

Baƙo iyakarsa zaure

Maganin da masu ƙera Linux suka fito da shi Bahaushe ya san shi tun kaka da kakanni. Baƙo yakan tsaya a zaure. Idan yana son ruwa, a aiki yaro ya shiga ya ɗebo masa. Abin da ake kira killace manhaja ke nan: a ba ta ɗakinta, a hana ta ganin sauran gida, duk abin da take so sai ta nemi izini.

Masu wayar salula sun riga sun saba da haka. Android a kan ginshiƙin Linux aka gina ta, kuma tun daga Android 6 a 2015 manhaja ke tsayawa ta tambaya kafin ta taɓa kyamara, makirfo ko lambobin waya. Maƙwabta a Najeriya sun ɗanɗana kuɗar sakaci da wannan izini, lokacin da wasu manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi suna tura wa 'yan uwansa saƙon cin mutunci. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ta haramta wa manhajojin bashi taɓa lambobin waya da hotuna.

Kwamfutar tebur ta makara a wannan fanni. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, amma sai wajen 2016 tsare-tsare biyu na killacewa suka fara isa ga talakan mai amfani.

Na farko shi ne Snap, na kamfanin Canonical mai Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa. Ya zo wa masu kwamfutar tebur da Ubuntu 16.04, kuma yana dogara da wani mai gadi a cikin tsarin da ake kira AppArmor. Na biyu shi ne Flatpak, wanda Alexander Larsson na kamfanin Red Hat ya fara, ya kai sigarsa ta 1.0 a 2018. Babbar kasuwarsa ita ce Flathub. Linux Mint, wadda sababbin shiga ke so saboda ta yi kama da Windows, ta toshe Snap tun 2020, ta riƙe Flatpak.

Yaron aiken da ke tsakanin zaure da cikin gida shi ne abin da suke kira fotal. Idan manhajar da aka killace tana son buɗe takarda, tsarin ne da kansa zai fito maka da tagar zaɓe. Fayil ɗin da ka nuna shi kaɗai za a miƙa mata. Haka ake yi idan tana son ɗaukar hoton allo ko buga takarda.

Akwai kuma wata tsohuwar kafa. Tsarin nuna hoto a allo mai suna X11, wanda ya fito tun 1987, yana barin manhaja ɗaya ta ga abin da ake bugawa a tagar wata, har da kalmar sirri. Wayland, wanda ke maye gurbinsa, ya toshe wannan. Fedora ta koma kansa a 2016, Ubuntu kuma ta zauna a kansa daga 2021.

Inda katangar ke da ɓaraka

Ganin sunan Flatpak ko Snap a kan manhaja bai isa a saki jiki ba. A Flatpak, wanda ya shirya manhajar shi ne ke rubuta izinin da take so, kuma da yawa daga cikin tsofaffin manhajoji suna neman ganin dukan jakar mai na'ura ko dukan na'urar, saboda ba a sake rubuta su don aiki da fotal ba. Mutum yana danna maɓallin saukewa ya amince da duka a dunƙule. A Snap kuma akwai rukunin da ake kira "classic", wanda ba a killace shi ko kaɗan. Ubuntu ta fara gwajin tambayar izini irin ta waya ne a sigar 24.10, a Oktoban 2024.

Ita kanta kasuwar manhajar ana shigo da jabu. A 2018 an kama wasu manhajoji a shagon Snap suna amfani da ƙarfin kwamfutocin mutane a ɓoye wajen haƙar kuɗin kirifto. A Fabrairun 2024 wata jabun manhaja da ta ari sunan asusun kirifto na Exodus ta raba wani mutum da bitcoin kusan 9. A nan katanga ba ta yi amfani ba, domin shi da hannunsa ya rubuta mata kalmomin sirrinsa. Bayan haka ne Canonical ta koma tantance sunayen sababbin manhajoji da hannu.

Matsala ta uku ta aljihu ce, kuma ta fi cizo a wuri irin Tahoua. Manhajar Flatpak tana zuwa da kayan aikinta, kuma saukewar farko takan ci ɗaruruwan megabayit. Inda ake sayen data da awo, ga wuta mai zuwa tana ɗaukewa, mai gyara zai fi son ya kwafi fayil daga kile ɗin abokinsa ya ɗora kai tsaye. Irin wannan ɗorawa tana neman kalmar sirri ta mai kula da na'ura, wato a miƙa wa baƙo makullin gida gaba ɗaya. Sauƙin abin shi ne kayan aikin da aka sauke sau ɗaya manhajoji da yawa ne ke tarayya a kansu, don haka saukewa ta biyu da ta uku ba ta kai ta farko nauyi ba.

Nauyin da ke kan mai shago

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP a Yamai da ke kula da ita. Wanda ya tara katunan jama'a a na'urarsa amana ya ɗauka, ko da bai taɓa karanta dokar ba.

Abubuwan da zai iya yi ba su buƙatar kuɗi. Ya sauke manhaja daga shagon da ya zo da tsarin, ya duba alamar tantancewa da Flathub ke sa wa wadda ta fito daga ainihin masu ita. Ya karanta jerin izinin da shagon ke nunawa kafin ya danna. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Flatseal da ke jera izinin kowace manhajar Flatpak, mutum ya kashe wanda bai gamsu da shi ba. Manhajar lissafi ko ta karanta takarda da ke neman makirfo ko kyamara abin a tsaya a duba ce.

Sai kuma abin da killacewa ba ta yi wa kowa. Idan kwastoma goma suna zama kan asusu ɗaya, na goma zai buɗe jaka ya ga katin na farko, babu wata manhaja a tsakani. Maganin wannan shi ne a buɗe wa kwastomomi asusu dabam marar ikon ɗora komai, a kuma riƙa share takardun mutane bayan an gama aiki.

Ga ɗalibin da zai kai kwamfutarsa a ɗora masa Linux, tambayoyi uku sun ishe shi yi wa mai gyara: daga ina aka sauko da manhajojin, waɗanne ne aka killace, kuma wa ya san kalmar sirrin mai kula da na'ura. Da zarar ya dawo gida, ya fara da canza wannan kalmar.