Matar da Ta Mai da Shara da Wanke-wanke Aikin Fasaha

In aka ce mai fasaha, yawancinmu mukan tuna da mai zane ko mai sassaƙa. Amma akwai wata irin fasaha wadda ba ta da hoton ratayewa a bango. Tunanin da mai aikin ya sa mutane su yi, shi ne aikin. Ɗaya daga cikin gwanayen wannan fanni ita ce Mierle Laderman Ukeles, wadda aka haifa a Amurka a 1939.

Da ta yi haihuwar fari a 1968, sai raino da wanki da girki suka cinye mata lokaci, mutane kuma suka daina ɗaukarta mai fasaha. A 1969 ta rubuta takardar bayyana manufarta, inda ta kasa aiki kashi biyu. Akwai ƙirƙiro sabon abu, wanda ake yabo. Akwai kuma kula da abin da ake da shi, wanda ba a lura da shi sai ranar da aka bar yinsa. Wannan na biyun yakan faɗa kan mata da leburori. Ta ce nata aikin gidan ma fasaha ne.

Ba ta tsaya ga magana ba. A 1973 ta durƙusa ta wanke matakalar wani gidan nuna kayan fasaha a garin Hartford, mutane suna wucewa suna kallo. A 1977 ta zama mai fasahar hukumar kwashe shara ta birnin Niyok, ba tare da albashi ba. Daga 1979 zuwa 1980 ta yi wata 11 tana bin ma'aikatan hukumar, su kimanin 8,500, tana ba kowannensu hannu, tana gode masa don riƙe birnin da rai. A 1983 kuma ta sa aka lulluɓe motar shara da madubi, domin mai kallonta ya ga wanda ya tara sharar.

Wani zai ce wannan ba fasaha ba ce. To, ko ma wane suna muka ba ta, tambayar Ukeles tana nan. Wa ya share ajin da muke zama? Wa ya hura wuta tun asuba kafin mu ci abinci? Mun san sunayensu? In aikin iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata ya tsaya kwana uku, kowa zai san nauyinsa. Bai kamata mu jira wannan rana kafin mu gode musu, mu kuma kama musu ba.