Shigar Burtu: Adana Siffar Dabba Tsakanin Maharban Kudancin Kano da Sana'ar Taksidami

1.0 Gabatarwa

Taksidami sana'a ce ta feɗe dabba ko tsuntsu, a gyara fatar, sannan a ɗora ta a kan wata siffa da aka ƙera domin dabbar ta koma kamar mai rai. Kalmar daga Girkanci take, inda "taxis" ke nufin tsarawa, "derma" kuma fata. Hausa ba ta da suna guda na wannan sana'a, abin da kan sa a zaci Bahaushe bai san ta ba. Wannan maƙala tana nuna cewa ya san dabarun, manufarsa ce ta sha bamban da ta Bature.

2.0 Bunƙasar Sana'ar a Turai da Amurka

Babbar matsalar masu sana'ar na farko ita ce ƙwari, waɗanda kan cinye fata da gashi cikin 'yan shekaru. A ƙarni na 18 wani mai haɗa magunguna a birnin Metz na Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, ya haɗa sabulu mai gubar arsenik da ya yi maganin abin. Louis Dufresne na gidan adana halittu na Paris shi ya yaɗa sunan sana'ar a wani rubutu na 1803. Bayan baje kolin duniya na Landan a 1851 sai ta zama kasuwanci sosai, har kamfanin Rowland Ward ya shahara wajen gyara kawunan namun dajin da Turawa ke harbowa daga Afirka da Indiya. A Amurka, Carl Akeley (1864–1926) ya bar cusa ciyawa cikin fata. Yakan auna dabbar, ya gina tsokokinta da yumɓu, ya fitar da siffa marar nauyi, sannan ya lulluɓa fatar. Zauren dabbobin Afirka mai ɗauke da sunansa a New York an buɗe shi a 1936. Manufar duk wannan aiki ita ce kallo, da ilimi, da alfahari.

3.0 Jima da Farauta a Kudancin Kano

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna kan hanyar da ta nufi dajin Falgore, wanda ya fara a matsayin gandun Kogin Kano tun zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana arewa da shi. Yanki ne da farauta ta daɗe a cikinsa, kuma farauta ba ta rabuwa da aikin fata.

Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka domin gashi ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, sannan ya shafe ta da mai. Bagaruwar ce ke hana fata ruɓewa. Idan buzu ake so, sai a bar gashin. Idan salka ce ko burgami, akan zare fatar ɗungurungum ba tare da an tsaga cikin ba. Barin gashi da zare fata a haɗe su ne matakan farko na taksidami a ko'ina.

4.0 Burtu

Abin da ya fi kusa da taksidami a al'adar Hausawa shi ne burtun maharba. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai kiwo a ƙasa, wanda barewa da gada ba sa gudunsa. Maharbi yakan sami baki da ƙoƙon kan tsuntsun, ya haɗa su da lanƙwasasshen ice a matsayin wuya, ya naɗe da fata, wani lokaci ya ƙawata da 'ya'yan idon zakara. Sai ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsu mai tsince, har ya kai inda kibiya za ta samu. Mai hukunta ingancin aikin a nan dabbar daji ce: in siffar ba ta yi ba, ta gudu, maharbi ya koma gida hannu rabbana. Daga nan harshe ya sami "shigar burtu", wato ɓad da kama domin yaudara, kuma da yawa daga masu faɗarta a yau ba su taɓa ganin burtun ba.

5.0 Kammalawa

Bature ya adana siffar dabba domin a kalla, Bahaushe kuwa domin a yi aiki da ita, shi ya sa kayansa suka ƙare a daji maimakon cikin akwatin gilashi. Bindiga ta rage buƙatar burtu, dokar kare dabbobi ta 1985 ta taƙaita cinikin sassan namun daji a Nijeriya, kuma tun 2018 aka sa tsuntsun cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya. Saboda haka ba a buƙatar a kashe wani burtun. Abin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne su isa wurin sarakunan baka da tsofaffin majema na wannan yanki, su naɗi sunayen kayan aiki da matakan haɗi daga bakinsu, su kuma nemi a ajiye tsofaffin burtayen da ke hannun magada a wuri irin Gidan Makama.