Limfosistis: Tsiron da ke fitowa a jikin kifin ado, da yadda ake kula da shi

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi kan wayi gari ya ga wasu fararen ƙulle-ƙulle sun tsiro a fiffiken kifinsa ko a gefen baki, a cunkushe kamar kan farin kabeji. Sau da yawa wannan alama ce ta cutar limfosistis, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. An fara bayaninta a 1874 a jikin wani kifin teku a Turai, amma sai a 1962 aka ga ƙwayar da na'urar hangen ƙananan halittu.

Idan bairos ɗin ta shiga ƙwayoyin halittar fata, sai su yi ta kumbura har ido ya iya ganinsu. Tarin waɗannan kumburarrun ƙwayoyi shi ne tsiron. Cutar tana kama kifin ruwan daɗi da na teku, musamman dangin karfasa da gurami. Ba a san ta da kama tarwaɗa ko kifin koi ba, kuma ba ta kama mutum.

Babban haɗarin shi ne a rikita ta da cutar farin ɗigo, wadda wata ƙaramar halitta mai cin jikin kifi ke jawowa. Ita farin ɗigo takan bazu daidai-wa-daida kamar an barbaɗa gishiri, kifi ya riƙa goga jikinsa da duwatsu, kuma tana iya kashe kifin akwati gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki idan ba a yi magani ba. Limfosistis kuwa a hankali take girma, tsironta bai da tsari, kuma yawanci kifin yana ci gaba da iyo da cin abincinsa. Likitan dabbobi na iya tabbatarwa ta hanyar kankare ɗan tsiron ya duba.

Babu maganin da ke kashe wannan bairos. Zuba magunguna barkatai, kamar yadda wasu ke yi don tsoro, wahala kawai yake ƙara wa kifin. Abin da ke aiki shi ne a ware mai cutar a wani akwati, domin tana yaɗuwa idan tsiron ya fashe ko ta raunin fata. A riƙa sauya wani ɓangare na ruwan akai-akai, a tabbatar babu amoniya, a rage cunkoso, a raba shi da kifaye masu cizo. Galibi tsiron yakan bushe da kansa cikin makonni ko watanni, ko da yake yana iya dawowa idan kifin ya sake galabaita.

Inda tsiron ya toshe baki har kifi ya kasa ci, likita na iya yanke shi bayan ya sa masa maganin barci. Maganin kashe bakteriya kuwa sai idan wurin ya zama gyambo. Sabon kifi daga kasuwa ya kamata a killace shi kamar wata guda kafin a haɗa shi da sauran.