Ƙaramar Motar Gudu ta Alfarma: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Zaɓa Kafin Ya Biya

A shekarar 2016, da kamfanin Porsche na birnin Stuttgart a Jamus ya fito da motarsa 718 Cayman, farashinta a Amurka ya fara ne daga kusan dala 54,000. Da wuya a sami wanda ya fita da ita daga wurin dila a kan wannan kuɗi. Mai son giya otomatik sai ya ƙara sama da dala 3,000. Mai son birkin seramik sai ya ƙara sama da dala 7,000. Ga kujeru, ga fitilu, ga fenti, ga na'urar sauti, kowanne da nasa farashin. Kafin mai saye ya ankara, ƙarin da ya ɗora ya kai kuɗin wata sabuwar ƙaramar mota.

Haka kasuwar waɗannan motoci take. Ƙanana ne, yawanci kujera biyu, ƙasa-ƙasa da kwalta, an ƙera su don daɗin tuƙi: Porsche Cayman da 'yar'uwarta Boxster mai buɗaɗɗen rufi, BMW Z4, Toyota GR Supra, Alpine A110 ta Faransa, da Audi TT wadda aka daina ƙerawa a watan Nuwamba na 2023. Kamfanonin, musamman na Jamus, suna sayar da gangar jiki da inji, sauran kuma su bar wa mai saye dogon jerin abubuwan da zai zaɓa. Wanda ya san kan abin yakan raba jerin gida biyu. Akwai kayan da ke cikin ƙashin motar, waɗanda in ba a saka su a masana'anta ba, sai dai a haƙura ko a kashe ninkin kuɗinsu daga baya. Akwai kuma kayan ado, waɗanda ido ke so amma tuƙi bai san da su ba. Kuɗi ya fi cancanta ya tafi ga rukunin farko.

Inji da giya

Zaɓin farko shi ne inji, domin shi ke yanke sauran. 718 Cayman ta zo da inji mai silinda huɗu, lita 2.0, da turbo, mai ƙarfin doki 300. Samfurin S yana da lita 2.5 da doki 350. Masoyan Porsche da yawa sun yi ƙorafi a lokacin, saboda tsofaffin Cayman silinda shida suke da ita, kuma amon injin nan ne ya sa wasu suka fara son motar tun farko. A 2020 kamfanin ya fito da GTS 4.0, silinda shida, lita 4.0, babu turbo, doki 400. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, injin turbo ya wadatar, don yana ba da ƙarfinsa da wuri, da zarar an taɓa totur. Injin lita 4.0 kuwa sai an ja shi sama yake nuna halinsa, kuma hakan na bukatar buɗaɗɗiyar hanya.

Daga nan sai giya, inda aka fi tafka muhawara. Porsche na da giyar hannu mai hawa shida, da kuma otomatik da ake kira PDK mai hawa bakwai, wadda ke da kuloci biyu a ciki: ɗaya na riƙe da giyar da ake tafiya a kai, ɗayan ya riga ya kama ta gaba yana jira. Shi ya sa canjinta ke zuwa cikin ƙiftawar ido ba tare da motar ta ja numfashi ba. An fara gwada wannan fasaha a motocin tseren kamfanin a shekarun 1980, ta shigo motocin titi a 2008. Alƙaluman kamfanin na 2016 sun nuna Cayman mai giyar hannu tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 5.1 daga tsaye, mai PDK kuma 4.9.

Duk da haka giyar hannu ta ƙi mutuwa. Da Porsche ta fito da 911 GT3 a 2013 da PDK kaɗai, masu saye sun matsa har aka dawo da ta hannu a 2017. Toyota ta fara sayar da sabuwar Supra a 2019 da otomatik kawai, sai a 2022 ta ƙara ta hannu, BMW kuma ta bi sahu da Z4 M40i a 2024. Motocin nan biyu a masana'anta guda aka haɗa su, ta Magna Steyr da ke birnin Graz a Ostiriya, kuma injin BMW mai silinda shida ne a cikinsu. Alpine ita ba ta ba da zaɓi ba, otomatik ce kawai. Mai saye ya tambayi kansa inda zai fi tuƙa motar. Wanda kullum yana cikin cunkoso, ƙafarsa ta hagu za ta gaji da taka kuloci. Wanda motar ta ƙarshen mako ce gare shi, daɗin sa giya da hannunsa na cikin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Abin da ke tsakanin direba da kwalta

Babban wili yana da kyau a hoto, kuma dila ya san haka. Cayman ta asali ta zo da wili inci 18, ta S inci 19, wanda ya ƙara kuɗi kuma ya sami inci 20. Lambar da ke jikin taya ce ke bayyana abin da aka yi asara. Tayar gaba ta inci 18 ana rubuta mata 235/45, wato faɗinta milimita 235, tsayin gefenta kuma kashi 45 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 106. Ta inci 20 kuwa 235/35 ce, gefenta bai wuce milimita 82 ba. Robar nan da aka rage ita ce ke shanye duka idan mota ta faɗa rami. In ta yi ƙaranci, taya ta kumbura ko ta fashe, wili ya lanƙwashe. Motar kuma ba ta zuwa da safayar taya, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan liƙe huji, wanda ba ya maganin tayar da ta yage a gefe.

Shokazoba mai daidaita kanta, wadda Porsche ke kira PASM, tana cikin kayan da kuɗinsu ba ya tafiya a banza. Kwamfuta ce ke auna yanayin hanya tana sassauta ta ko ta ƙara mata tauri, direba ma yana da maɓallin zaɓa. Amma tana rage tsayin motar da milimita 10, nau'inta na wasanni kuma da milimita 20. Ga motar da dama can cikinta na kusa da ƙasa, milimita 20 na iya zama bambancin haye tudun rage gudu lafiya da kankare bamba.

Akwai kuma PTV, na'urar da ke ɗan taɓa birkin tayar baya ta ciki idan an shiga kwana, tare da wani makulli a cikin giyar baya da ke hana taya ɗaya juyawa a banza. Mai tuƙi a tsanake ba zai taɓa jin aikinta ba. Mai zuwa filin tsere ko hanyar tsauni mai yawan kwana zai ji, kuma saka ta daga baya aiki ne babba.

Kunshin Sport Chrono ana gane shi da ɗan agogon da ke saman dashbod da wani ƙaramin maɓalli mai juyawa a jikin sitiyari, wanda ke canza halin motar daga na yau da kullum zuwa na gudu. Idan an haɗa shi da PDK, yana ba da tsarin tashi da cikakken ƙarfi daga tsaye, wanda ya rage daƙiƙa 4.9 ɗin nan zuwa 4.7, ga kuma maɓallin tsakiya da ke sakin duk ƙarfin injin na daƙiƙa 20 don wuce wata mota. A mai giyar hannu kuma yana ɗaga juyin inji da kansa lokacin saukowa giya. Masu sayen motar da aka yi amfani da ita suna yawan tambayarsa, don haka yakan taimaka ranar sayarwa.

Birkin seramik shi ne ya fi ruɗin mutane. A Porsche launin maƙalar birki na faɗin matsayi: baƙi na asali, ja na S, rawaya na seramik. Faifan seramik nauyinsa kusan rabin na ƙarfe ne, ba ya tsatsa, ba ya baƙanta wili da ƙura, yana kuma daɗewa sosai a tuƙin titi. Matsalarsa ita ce idan tsakuwa ta fasa gefensa ko bakanike ya buge shi wajen cire wili, ba a gyara shi, sai sabo, kuma kuɗin ya ninka na ƙarfe sau da yawa. Har masu yawan zuwa filin tsere sukan cire shi su ajiye, su sa na ƙarfe. Birkin da motar ta zo da shi ya ishi kusan kowa.

Cikin mota

Kujera ce abin da jiki ke taɓawa duk tsawon tafiya, amma ita ake yawan zaɓa a gurguje. Porsche na da kujerar asali, da mai daidaituwa ta hanyoyi 14, da mai 18 wadda gefunanta ke matse direba, da kuma ta tsere mai ƙwarangwal na kabon wadda bayanta ba ya kwanciya ko kaɗan. Ta ƙarshen nan tana riƙe mutum kam a kwana, amma shiga da fita sai da dabara, kuma mai jiki ko mai ciwon baya zai gane kurensa a doguwar tafiya. Kujera kamar takalmi ce, ba a sayenta da ido. Mai saye ya zauna a kowacce, ya daɗe, da irin tufafin da yake sawa. A ƙasa mai zafi, kujera mai hura iska ta fi mai ɗumama jiki amfani nesa ba kusa ba, fata mai haske kuma ta fi baƙa sauƙin zama bayan mota ta wuni a rana.

Na'urar auna tazara da kyamarar baya ba su da armashi a jerin, amma direba a irin wannan mota yana zaune ne ƙasa sosai, ba ya ganin ƙarshen hancinta, bayanta ma da ƙyar. Gyaran bamba ɗaya ya fi kuɗinsu. Fitilar LED mai bin kwana ta cancanci kuɗinta ga mai tafiyar dare. Cayman ta asali tankinta lita 54 ne, lokacin da ake ƙera ta kuma ana iya neman na lita 64 da ƙari kaɗan, abin da ba a iya yi cikin sauƙi bayan mota ta fito. Na'urar sauti ta Bose ko Burmester kuwa, a tuna cewa a Cayman da Boxster injin yana bayan kujeru ne kai tsaye, don haka kiɗa da shi zai yi ta gogayya.

Sauran jerin ado ne: bel mai launi, tambarin kamfani a matashin kujera, zaren ɗinki na daban, fatar da aka lulluɓe har ramin iska. Fenti na musamman da ake haɗawa bisa bukatar mai saye ya haura dala 10,000 a Amurka. Wanda ransa ke so kuma aljihunsa ya ɗauka, babu laifi, amma ya sani yawancin kuɗin ado ba ya dawowa idan an zo sayarwa. Nauyi ma abin lura ne. Alpine A110, wadda aka fara ƙerawa a Dieppe a 2017, nauyinta kusan kilo 1,100 ne, kuma da inji lita 1.8 mai doki 252 take gogayya da waɗanda suka fi ta ƙarfi. Kowace kujerar lantarki da kowace lasifika da aka ƙara, kilo ne ake ɗora wa motar da rashin nauyi ne darajarta.

Idan wadda aka yi amfani da ita ce

Porsche ta daina sayar da yawancin samfuran 718 masu shan fetur a Tarayyar Turai a tsakiyar 2024 saboda sabbin dokokin tsaron kwamfutar mota, ta kuma rufe ƙera su a 2025. Ma'ana, mai neman irinta yanzu zai gaji zaɓin wani ne. A nan lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, ita ce madogara: da ita dilan kamfanin zai iya fito da jerin duk abin da aka saka wa motar a masana'anta. Motocin Amurka kuma suna fitowa da takardar farashi a gilashi, wadda doka ta wajabta tun 1958, mai ɗauke da kowane ƙari da kuɗinsa. Fentin rawaya a maƙalar birki ba shaidar seramik ba ne, kowa na iya shafawa.

Kwamfutar injin Porsche tana ajiye tarihin duk lokacin da aka ja inji har iyakarsa ko aka wuce, ta kasa shi matakai shida. Mataki na ɗaya da na biyu yawanci taɓa iyaka ne kawai. Na huɗu zuwa na shida kuwa alama ce ta cewa wani ya yi kuskuren sa ƙaramar giya yana cikin gudu, abin da ke iya yi wa inji lahanin da ba a gani nan take. Bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar zai fito da wannan rahoto cikin 'yan mintuna.

Mai shigo da ita Najeriya yana da ƙarin abubuwa biyu. Tun 1972 ƙasar ke tuƙi a hannun dama, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka arahar motocin Ingila da Japan ba tasa ba ce. Sannan Porsche ta fi son a zuba wa injin fetur mai daraja 98, alhali man da ake samu a gidajen mai yawanci bai kai haka ba. Kwamfutar za ta rage ƙarfin injin don ta kare shi, wato ƙarin dokin da aka biya wa kuɗi ba duka zai fito ba. Kafin a tura kuɗi, ya kamata a san wanda zai riƙa duba motar, da inda za a samo taya mai lamba 265/35 idan ta baya ta fashe a hanyar Abuja zuwa Kaduna.