Karen gadi: sarƙa ba ta isa ba, sai da tafiya

A unguwannin ma'aikata na Yamai, da gidajen manyan ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram, ba wuya mai wucewa ya ji haushin kare daga bayan ƙofar ƙarfe. In aka leƙa, sai a tarar da shi ɗaure a gindin bedi, da sarƙar da ba ta wuce gaba biyu ba, ga kwanon tuwon jiya, ga ramin da ya tona yana neman sanyin ƙasa. Nan ya wuni, nan zai kwana. Mai gida ya samo shi ne domin tsaron iyali da mangaza, ya kuma ɗauka cewa ɗauri shi ke sa kare zafi.

Lalle ɗauri yana sa kare zafi, amma zafin da ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci. Wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka, aka buga shi a 1994, ya nuna cewa karen da ake ɗaurewa da sarƙa ya fi wanda ba a ɗaurewa yawan cizo kusan ninki uku. Ban da haka, zama wuri guda yana kashe masa jiki: naman cinya ya saki, farce ya yi tsawo har ya lanƙwashe, numfashi ya gajarce. Ranar da ɓarawo ya haura katanga, sai a ga mai gadin ba ya iya gudun mita ɗari. Malamai sun halatta ajiye kare domin farauta da tsaron bisashe da gona, da yawansu sun haɗa da tsaron gida. Wanda ya ajiye dabba kuwa, hakkinta yana wuyansa.

Darasi daga Azawak

Ƙasar nan ba ta bukatar a koya mata daga waje yadda lafiyayyen kare yake. A kwarin Azawak, daga Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa har zuwa Menaka ta Mali, Abzinawa da sauran makiyaya suna da wani dogon kare siriri mai zurfin ƙirji. Namiji kan kai tsayin santimita 64 zuwa 74, nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, in ya miƙe da gudu kuwa yakan kusanci kilomita 60 a awa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Yugoslabiya da Faransa, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin jinsunan da ta amince da su. Turawa suna kiransa da sunan kwarin da ya fito.

Abin lura shi ne yadda wannan kare yake tsara yininsa a ruga. Da asuba yana zagaya garke, yana bin zomo. Rana na ɗagawa sai ya tona ƙasa a inuwar bukka ya kwanta, ba ya motsi sai la'asar sakaliya. Da dare kuma shi ne idon zango. Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya tilasta masa gudu cikin rana. Karen birni, ko ɗan Azawak ne ko karen Hausa, tsarin da ya dace da shi ke nan: motsi kullum, amma lokacinsa da yawansa su bi yanayi.

Babban kare mai lafiya yana bukatar tafiyar rabin awa zuwa awa guda a yini, a raba ta safe da maraice, da igiya a wuya. Kwikwiyon da bai cika shekara ba, gaɓoɓinsa ba su yi ƙwari ba, wasa a tsakar gida da gajeruwar tafiya sun ishe shi. Haka ma tsoho. Kada a sa kare gudu da ya gama cin abinci, musamman mai zurfin ƙirji, domin tumbinsa na iya murɗewa, abin da ke kashewa cikin awoyi kaɗan. A bari a yi awa guda ko biyu.

Daga ɗari zuwa bazara

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na gina jiki. Rana ba ta da zafi, ƙasa ta bushe, ana iya doguwar tafiya a busasshen gulbin Maraɗi, ko tuddan yashi na bayan Tawa, ko tsakanin duwatsun Damagaram. Inda babu bisashe da yara kusa, a kwance igiya ya yi gudu son ransa. Sai dai a tuna cewa karen Sahel ba shi da kitse, gashinsa gajere ne, kuma a daren Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15. Tsohon buhu a lungun da iska ba ta bugawa ya ishe shi. Ranar da buji ya rufe gari, a taƙaita fita, domin ƙura tana cutar idonsa da maƙogwaronsa kamar yadda take cutar mutum.

Bazara ita ce mai haɗari. A Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwalta da yashi kuwa sukan haura 60 da tsakar rana. Kare ba ya yin zufa a jiki sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya wuce 41 rai na cikin haɗari. Saboda haka tafiyar bazara bayan sallar asuba ce, ko bayan magariba. Kafin a fita, a ɗora bayan hannu bisa ƙasa: in mutum ya kasa jurewa har ya ƙirga biyar, tafin kare ma ba zai jure ba. Masu ɗaura kare a moto su ja shi da gudu, su sani kisa suke yi. Kare mai kilo 20 yakan sha fiye da lita guda a yini ko ba zafi, a bazara kuwa kada kaskonsa ya bushe. In aka ga harshe ya zazzago, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a yi ta zuba masa ruwan randa a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, sannan a nemi likitan bisashe.

Damana da kaka

Da ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, tafiya ta yi daɗi, amma kaska ta fito. Kaska tana shan jini, tana kuma ɗauke da cututtukan da ke sa kare zazzaɓi da rama. Bayan kowace fita a duba kunnuwa, wuya da tsakanin yatsu. A nan ma ɗaurarren kare ya fi shan wuya: akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai cikin yashin inuwa da fitsari ya ɓata, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru. Share wurin kwana da sauya shi shi ne maganin abin. Ranar da ruwa ya hana fita, jifan tsohuwar ƙwallo a rumfa na minti 15 ya fi babu. A kiyaye gonakin mutane da awakin da aka ɗaure a turke, domin ɓarnar kare mai shi ke biya.

Da kaka, ƙarangiya da tsidau sun nuna. Karen da ya fara ɗingishi ba zato, a ɗaga ƙafarsa a duba. Ciyawa ta yi tsawo, kububuwa na ciki, don haka a bi turbar da aka sani, a koma gida kafin duhu.

Sharaɗi guda kafin a buɗe ƙofa

Ba a fita da karen da ba a yi wa allurar ciwon hauka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59.000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ana fara allurar tun kwikwiyo na wata uku, a riƙa sabuntawa yadda ma'aikatan kiwo suka tsara, a kuma adana takardar. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya likita a ranar.

Ma'aikacin da ke zaune a ofis daga safe zuwa maraice, da ɗan kasuwar da ba ya tashi daga bakin mangaza, su ma likitoci suna ba su shawarar tafiyar minti 30 a yini saboda hawan jini da ciwon sukari. Igiya guda ta wadatar da bukatar biyu. Wanda aiki ya hana, ya ɗora wa mai gadi ko babban yaron gida, a sa lokaci sananne kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da ake so ya tsaya wa gida a daren da ɓarawo zai zo, tun da asubar yau ake fita da shi.